An cire masa ƙoda ɗaya, ga shi ya koma shan sigari a ɓoye

Assalamu alaikum Anti. Maigidana direban tirela ne, shekararsa 49, kuma ya fi shekara 25 yana shan sigari, kwali guda a yini. Bara ya fara ganin jini a fitsari, aka yi ta ba shi maganin tsargiya da na sanyi, sai da aka yi hoto aka ga ƙari a ƙodarsa ta hagu. Likitoci suka ce daji ne, amma bai yaɗu ba. Yau sati 7 ke nan da aka yi masa aiki aka cire ƙodar gaba ɗaya. Sai da ya sayar da filinsa, ni kuma na sayar da sarƙata, kafin kuɗin aikin ya haɗu. Tun da aka kwantar da shi bai ƙara sha ba, har ya rantse ya daina. Shekaranjiya ina wanki na tsinci kara biyu da ashana a aljihun jallabiyarsa. Da na yi magana sai ya ce kara 2 ko 3 ne kacal a yini, kuma ai an riga an cire ciwon, in kwana ya ƙare ko bai sha ba tafiya zai yi. Wani abokinsa ya ce ya koma shisha, wai ruwa yana tace ta. Ya gargaɗe ni kada in kuskura in faɗa wa likita. Ga Hajiyarsa tana aiko da jiƙon saiwoyi wai na wanke ƙoda, shi kuma yana aika yaro kemis a haɗo masa maganin ciwon jiki, yana ta maganar komawa hanya ƙarshen wata. Anti, in kai ƙararsa wurin yayansa ne, ko in zuba masa ido? Wallahi har na fara jin haushin kuɗin da muka kashe.

Wata baiwar Allah, daga Zariya

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ƙara masa lafiya, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Macen da ta kwana a kan tabarma a barandar asibiti, ta rabu da sarƙarta, sannan ta tsinci sigari a aljihun majinyacinta, ba wanda zai ga laifinta don ranta ya ɓaci.

Sai dai zan fara da abin da kika sako a ƙarshen wasiƙa kamar ba komai ba, don shi ne ya fi tayar min da hankali: haɗin kemis ɗin nan. Sigari a hankali take ɓarnarta, shekara da shekaru. Haɗin maganin ciwon jiki kuwa yana iya durƙusar da ƙoda cikin 'yan kwanaki, musamman ga mai ƙoda ɗaya a lokacin zafi da ƙarancin shan ruwa. Yawanci a cikin ƙullin nan akwai magungunan da za ki ga an rubuta ibuprofen, diclofenac ko piroxicam a jikin kwalinsu, wani lokacin ma biyu a haɗe, kuma dukkansu suna rage jinin da ke shiga ƙoda. Daga yau kada yaron nan ya ƙara zuwa kemis. In ciwo ya dame shi, farasitamol shi ne mai sauƙi ga ƙoda, bisa adadin da likita ya faɗa. In bai ɗauke ba, a koma asibiti a ji dalilin da wurin ke ciwo har yanzu. Jiƙon Hajiya ma a dakatar. Ba raini ba ne ga magungunanmu na gargajiya, amma ba wanda ya san abin da ke cikin galan ɗin nan ko yawansa, kuma duk abin da ya sha, ƙodar nan tilo ce za ta tace shi. Ƙoda ba tukunya ba ce da za a wanke ta da saiwa. Ba sai kin yi jayayya da surukarki ba. Ki karɓa da hannu biyu, ki yi godiya, ki ce likitoci sun hana shi shan komai sai da saninsu. In da hali ma a tafi da ita ranar ganin likita ta ji da kunnenta.

To, mu dawo kan sigarin. Na yi shekaru ina aikin nas a ɗakin maza na tiyata, kuma abin da kika gani bai ba ni mamaki ba ko kaɗan. Na taɓa kama wani dattijo a bayan banɗakin marasa lafiya, kwana 3 da yi masa aiki, hannu ɗaya riƙe da ledar ƙarin ruwa ya ɗaga ta sama, ɗaya hannun riƙe da sigari. Abin da na lura da shi shi ne, tsoro ne ke raba mutum da taba a gadon asibiti. Da an sallame shi, ɗinki ya kame, 'yan dubiya sun ɗauke ƙafa, sai tsoron ya lafa, zaman banza ya maye gurbinsa. Mutumin da ya saba yau yana Legas jibi yana Maiduguri, ga shi an zaunar da shi a tsakar gida sati 7, ba kuɗin shiga, filinsa ya tafi, kuma kalmar daji tana yi masa yawo a ka da daddare ko da bai faɗa miki ba. Abin da ya saba kamawa in ransa ya ɓaci tun yana saurayi, shi ya kama. Rantsuwar da ya yi ba ƙarya ya yi miki ba. Nikotin ɗin da ke cikin taba yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙoƙi kaɗan da zuƙa, kuma ƙwaƙwalwar da aka yi shekara 25 ana ba ta shi sau 20 a yini ba ta san rantsuwa ba.

Maganarsa ta cewa an cire ciwon tana da rabin gaskiya, kuma rabin nan abin godiya ne. Dajin ƙodar da aka kama bai fita daga cikin ƙodar ba, aiki shi ne maganinsa, sau da yawa ma ba a bin sa da wani magani sai sa ido. A alƙaluman Amurka, fiye da mutum 9 cikin 10 da aka kama nasu a wannan mataki suna nan da ransu bayan shekara 5. Ki faɗa masa wannan, don ina zargin bai sani ba, kuma mutumin da ya yanke wa kansa hukuncin cewa tasa ta ƙare ba ya ganin amfanin barin komai.

Rabin da ya bari shi ne, likita ƙari ya cire, bai cire abin da ya taimaka wa ƙarin ya fito ba. Hayaƙin sigari yana ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki an tabbatar suna haddasa daji. Mutane suna zaton a huhu suke tsayawa. Daga huhu jini suke shiga, jinin kuwa ƙoda ce matatarsa. Ƙodoji biyu suna tace ruwan jini wajen lita 180 a kwana ɗaya, su mayar da kusan duka cikin jiki, su fitar da lita ɗaya zuwa biyu a matsayin fitsari, kuma cikin wannan ɗan fitsarin ake tattara dattin. Ke nan gubar taba tana bi ta cikin ƙoda, ta gangara ta taru a mafitsara tana jiran a je banɗaki. Shi ya sa shan taba yake cikin manyan abubuwan da ke jawo dajin ƙoda, tare da ƙiba da hawan jini, kuma kusan rabin dajin mafitsara ana danganta shi da taba. Da, ƙoda biyu ke raba wannan dattin. Yanzu ta daman nan ita kaɗai take sha.

Kuma ko an ajiye maganar daji gefe, akwai ta ƙarfin ƙodar kanta. Allah cikin ikonsa, in an cire ɗaya, ɗayar takan ƙara girma ta ɗauki kaya, har ta kai wajen kashi biyu bisa uku na aikin da biyun ke yi, kuma wannan ya ishi mutum ya rayu har tsufa. Amma sai in jijiyoyin jininta suna lafiya. A cikin ƙoda ɗaya akwai ƙananan matatai wajen miliyan ɗaya, kowacce dunƙulen jijiyoyi ce da ido ba ya gani. Nikotin yana matse jijiyoyi, yana ɗaga jini, hayaƙin kuma yana lalata cikin jijiyar a hankali. Matatar da ta mutu ba ta dawowa. Ƙarshen wannan hanya shi ne wankin ƙoda, sau 2 ko 3 a mako, awa 4 a kan na'ura kowane zuwa, da kuɗin da fili goma ba sa riƙe shi. Ranar da kuka koma asibiti, ku ɗan bi ta ƙofar sashen wankin ƙoda ya ga masu jiran layi. Ba sai kin ce masa uffan ba. Mai ido ɗaya ba ya gode wa Allah sai ya ga makaho.

Batun kara 2 ko 3 kacal, wannan lissafin ne da kowane mashayin taba yake yi wa kansa, kuma jiki ba haka yake lissafi ba. Wani babban nazari da masana a Landan suka fitar a 2018 ya nuna cewa mai shan kara ɗaya tak a yini yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya da mai shan kara 20 yake ɗauke da shi. Sannan kara 3 ba sa zama 3. Ina tabbatar miki, ranar da ya hau tirela ya kama hanyar dare, kwalin zai dawo. Shisha kuwa tsugunne ce ba ta ƙare ba. Ruwan sanyaya hayaƙin kawai yake yi, sai mutum ya ji daɗin zuƙa da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi tun 2005 cewa zaman shisha na awa ɗaya yana iya sa mutum ya shaƙi hayaƙin da ya ninka na kara ɗaya sau 100 ko fiye, ga kuma gawayin da ke samansa yana ƙara iskar nan mai guba irin ta salansar mota da janareto. Garin tabar da ake shaƙa ko a danna a baki ma ba mafita ba ne, nikotin ɗin ne dai.

Maganar kwana ba zan ja da shi ba, kowa da ranarsa. Amma ki tambaye shi cikin raha: da zai ɗauki lodi zuwa Fatakwal, yana duba birki da taya ko kuwa cewa yake in kwana ya ƙare ya ƙare? Kuma da ya yarda da wannan magana har zuciyarsa, me ya kai shi kwanciya a gaban likita da wuƙa?

Akwai kuma ɗinkin. Sati 7 fatar waje ta haɗe, amma naman ciki yana ɗaukar watanni kafin ya yi ƙwari. Warkewa jini take so da iska mai kyau, sigari kuwa tana rage duka biyun, sannan ta kawo tari. Kowane tari bugu ne a kan ɗinkin ciki, kuma ta haka ƙaba ke fitowa ta wurin aikin, a sake komawa tiyata.

Yanzu tambayarki. Kada ki kai ƙararsa wurin yayansa, aƙalla ba yanzu ba. Magidanci ɗan shekara 49 da aka tara wa 'yan'uwa ana yi masa faɗa a kan sigari, abin da zai koya shi ne ya ƙara iya ɓoyewa, kuma ke ce za ki zama wadda ta tona masa asiri. Zuba ido ma ba naki ba ne. Likita kuwa dole ya sani, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Amma kada ki zagaya ta bayansa. Ki sami lokacin da yake cikin natsuwa, yara sun yi barci, ki ce masa ba za ki faɗa wa kowa a dangi ba, wannan tsakaninku ne, amma ranar asibiti ko shi ya faɗa da bakinsa ko ke ki faɗa a gabansa, don ba za ki iya zama ana tambaya kina jin ana cewa ya daina ba. Ki ba shi zaɓin. Yawancin maza sun fi so su faɗa da kansu. Kuma don Allah, ko da wasa kada ki ambaci sarƙa ko fili a wannan zama. Ya san abin da aka sayar, yana kwana da shi yana tashi da shi, kuma gorin nan shi ne zai tura shi wurin mai tebur.

Abin da za ku nema a wurin likita taimako ne na daina sha, ba faɗa ba. Akwai filasta mai ɗauke da nikotin da ake mannawa a fata, akwai cingam ɗinsa, suna rage azabar ƙwaɗayin ba tare da hayaƙin ba, ana rage ƙarfinsu a hankali cikin wata 2 zuwa 3. Ba kowane kantin magani ke da su ba, sai manya. Akwai kuma ƙwayoyi irin su varenicline, amma wannan ta ƙoda yake fita, don haka sai likita ya duba awon jininsa kafin ya rubuta. In haɗa magani aka yi da zaman shawara da ma'aikacin lafiya, damar dainawa tana iya ninkawa. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya irin na Barnawa a Kaduna suna da sashen taimaka wa masu son rabuwa da shaye-shaye. Na san yadda mutanenmu ke jin sunan wurin, to ki bar wannan a hannun likitansa ya faɗa in ya ga da buƙata.

A gida kuma, shi zai sa ranar dainawa da kansa, cikin sati ɗaya ko biyu, kuma daga ranar ko zuƙa ɗaya babu. Ki shirya wa kwana 3 na farko, su ne mafi tsanani: faɗa ba dalili, rashin barci, ciwon kai, yawan ci. Zai yi miki tsawa a kan gishirin miya. Ki shanye, ba shi ba ne. Cikin sati 2 zuwa 4 yawancin wannan yana lafawa. Shi ƙwaɗayin in ya taso mintoci kaɗan yake yi ya sauka, ko an sha ko ba a sha ba, dabarar ita ce a tsallake mintocin nan. Aswaki a aljihu yana aiki sosai, don hannu da baki duk sun sami abin yi. Kanumfari, aya, ruwan sanyi, alwala, ko tashi a zaga bayan gida. Goro kuwa a yi hankali da yawansa saboda hawan jini. Ki lura da lokutan da ya fi nema, galibi bayan cin abinci ne da wurin mai shayi, a canza tsarin lokacin. Ki tuna masa cewa duk watan azumi yana yini cur tun daga asuba bai sha ba, kuma bayan aikin nan ya yi makonni. Mutumin da ya yi makonni ba sabon shiga ba ne. In ya zame ya sha kara ɗaya bayan kwana goma, kada a ce shi ke nan an koma gidan jiya, a ci gaba daga inda aka tsaya. Kaɗan ne ke dainawa a karon farko.

Jiki kuma ba ya ɓata lokaci wurin biya. Cikin awa 12 da kara na ƙarshe iskar gubar nan take sauka a jini, cikin 'yan makonni numfashi da gudun jini su gyaru, bayan shekara ɗaya haɗarin ciwon zuciya ya ragu da kusan rabi. Na dajin ƙoda shi ne mai nawa, shekaru yake ɗauka yana sauka, shi ya sa kowane wata da aka ƙara ana sha asara ne. Ke da yaran ma hayaƙin nan yana shafarku, don haka ko kafin ranar dainawa, ba a ɗaki ba, ba kusa da yara ba.

Wani abin takaici, dokar hana yaɗuwar taba ta 2015 a Najeriya ta haramta sayar da sigari kara-kara, sai dai kwali. Amma ki leƙa kowace tasha. Wannan kara ɗaya na canjin aljihu shi ne ke mayar da masu niyyar dainawa ruwa, kuma tasha ce inda maigidanki ke shirin komawa.

Komawa hanya ƙarshen wata ba shawararsa ba ce shi kaɗai, ta likitan da ya yi aikin ce. Tuƙa ƙaramar mota daban, tirela daban. Ga jijjiga, ga hawa da sauka, ga ɗaure tamfol da canza taya, ga zaman awa goma wuri ɗaya wanda ke sa jini ya daskare a ƙafa, abin da dama aikin tiyata da daji da taba kowannensu ke jawowa. Kuma direbobi sun saba ƙin shan ruwa don kada su yi ta tsayawa, su kuma riƙe ido da lemon ƙarin kuzari da ƙwayoyi. Mai ƙoda ɗaya ba shi da wannan gatan. In an ba shi izini, ya fara da gajeren zango, jarkar ruwa a gefensa, ya sha har fitsarinsa ya zama fari-fari ba ja kamar shayi ba, ya riƙa tsayawa yana taka ƙafa. Nauyi kuma ya bar wa yaran mota. Ni da zan samu, da ya yi wata guda cur ba sigari kafin ya taka tasha.

A kicin, aikinki gishiri ne. Abin da ake so babba ya ci a yini bai kai cokalin shayi ɗaya ba, kuma dunƙule da kanwa da yajin tsire duk cikin lissafin suke. Ba sai an hana shi nama ba, a dai daidaita. Ku sayi na'urar awon jini ta gida in da hali, a riƙa rubutawa a littafi, galibi ana so ya tsaya ƙasa da 130 bisa 80. Azumin nafila ya dakata, na Ramadan kuma a tambayi likita tun kafin watan ya kama.

Kada ku yi wasa da ranakun komawa asibiti don ya ji sauƙi. Dajin ƙoda yana iya dawowa bayan shekaru, kuma huhu ne wurin da ya fi zuwa, shi ya sa za a riƙa yi masa hoton ƙirji da na ciki lokaci-lokaci har shekara 5 ko fiye, tare da awon jinin da ake kira kiriyatinin, wanda ke nuna ƙarfin ƙodar, da awon fitsari. Ki adana takardun duka a jaka ɗaya, har da sakamakon awon ƙarin da aka cire. Amma akwai abubuwan da ba a jiran ranar alƙawari: jini a fitsari ko da sau ɗaya ne, fitsari ya ragu sosai, kumburin fuska ko ƙafafu, ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, zazzaɓi, ruwa ko kumburi a wurin ɗinki, tarin da ya ƙi tafiya ko mai jini, ciwon ƙashi a wuri ɗaya, ko rama ba dalili. Zazzaɓin ma kada a ce maleriya ce a sayo allura a kemis, akwai alluran da ke taɓa ƙoda. Duk ma'aikacin lafiyar da zai rubuta masa magani, ko na haƙori ne, kalmar farko da zai ji ita ce ƙodarsa ɗaya ce. Ki rubuta hakan a 'yar takarda ki sa masa a cikin lasisin tuƙinsa.